Idon da ke Tsinto Sankara a Tsakiyar Tabo

A watan Fabrairun 1999, Walter Payton, tsohon tauraron ƙungiyar Chicago Bears a wasan ƙwallon Amurka, ya fito gaban 'yan jarida a rame, ya shaida wa duniya cewa yana fama da wata cutar hanta da ba kasafai ake ganin irinta ba, kuma sai an yi masa dashen hanta. Ba a jima ba aka gano cewa sankara, wato ciwon daji, ta riga ta kama hanyoyin ruwan maɗaciyarsa, ta kuma yi nisan da dashe ba zai yi amfani ba. Ya rasu ranar 1 ga Nuwamban wannan shekara yana da shekara 45. Cutar da ta fara kama shi likitoci na taƙaita sunanta da PSC, kuma abin da ya same shi shi ne fargabar duk mai ɗauke da ita: sankarar da ke tsirowa a ɓoye cikin hanyoyin da tuntuni suka lalace.

Akwai likitocin da aikinsu shi ne su cim ma wannan sankara tun tana ƙarama. Ba sa riƙe wuƙa, kuma yawancin majinyata ba su taɓa ganin fuskarsu ba. Suna zaune a ɗaki mai duhu-duhu gaban manyan allunan kwamfuta, suna bin ɗaruruwan hotunan cikin mutum guda, ɗaya bayan ɗaya. A duk fagen likitancin hoto, kaɗan ne ayyukan da suka kai wannan wuya.

Hanyoyin da tabo ya shaƙe

Hanta na haɗa ruwan maɗaciya, rabin lita ko fiye a kowace rana. Ruwan yakan fara bi ta wasu siraran hanyoyi da ido ba ya iya gani, su yi ta haɗuwa suna girma, har su taru a bututu biyu, na dama da na hagu. Biyun su gamu a ƙofar hanta su zama ɗaya, shi kuma ya gangara ya zube a farkon ƙaramin hanji, inda ruwan ke taya jiki narkar da maiƙo. Ita maɗaciyar kanta, wadda wasu ke kira matsarmama, ma'ajiya ce kawai a gefen hanya. A lafiyayyen mutum, faɗin babban bututun bai cika wuce milimita 6 ba.

Mai PSC, bangon waɗannan hanyoyi nasa ne ke kumbura shekara da shekaru. Kumburin ya bar tabo, tabon ya ja hanyar ya tsuke ta. Garkuwar jiki da gado suna da hannu a ciki, kuma har yau babu maganin da aka tabbatar yana tsayar da ita, sai dashen hanta idan abu ya yi tsanani. Ta fi kama maza, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 40, kuma kusan bakwai cikin goma na masu ita a arewacin Turai suna da ciwon kumburin babban hanji. A can ne ma ta fi yawa. A Norway tana sahun gaba cikin dalilan da ke sa a yi dashen hanta, kuma a 2007 aka buɗe cibiyar bincikenta ta musamman a asibitin Rikshospitalet da ke Oslo.

Idan aka ɗauki hoton hanyoyin, sai a ga nan ya tsuke, gaba kaɗan ya buɗe, can ya sake tsukewa, a jere kamar carbi. To, a cikin waɗannan ƙulle-ƙulle masu yawa ne ɗaya kan rikiɗe ya zama sankara. Kusan mutum ɗaya cikin ɗari na masu PSC ne hakan ke samu a kowace shekara, kuma a tsawon rayuwa abin kan kai ɗaya cikin goma ko fiye. Kaso mai tsoka na waɗannan, wajen sulusi, ana gano su ne a shekarar farko bayan an tabbatar wa mutum yana da PSC.

Abin da ya sa neman ke da wuya

Sankarar nono ko ta huhu takan dunƙule ta zama ƙullutu, a gan ta, a auna ta. Ta hanyoyin maɗaciya kuwa, musamman wadda ke fitowa a ƙofar hanta, sau da yawa ba ta dunƙulewa da wuri. Rarrafe take yi a jikin bangon bututu, tana kaurara shi tana tsuke hanya. Wannan nau'i na ƙofar hanta shi ne wanda Gerald Klatskin na Jami'ar Yale ya yi cikakken bayaninsa a 1965, har ake kiransa da sunansa. Ƙari a kan haka, jikin wannan sankara cike yake da irin zaren naman da ake samu a tabo. Ke nan abin da ake nema da abin da ya ɓoye shi kusan kamarsu ɗaya, kuma aikinsu ɗaya: tsuke hanya.

Alamomin jiki ma ba sa rabewa. Shawara, ƙaiƙayi, kasala, rama, zazzaɓi, duk mai PSC zai iya yin su ba tare da sankara ba. Idan kuwa aka jira har sankarar ta bayyana kanta ƙarara, akasari ta wuce aikin wuƙa. Saboda haka nauyin ya koma kan hoto, da kuma wanda zai karanta shi.

Yadda ake sa ruwa ya yi haske

A da, hanyar ganin waɗannan bututu ita ce a zura wa mutum doguwar roba mai fitila ta baki, a bi ta ciki har farkon hanji, a lalubo ɗan bakin bututun, a tura ruwa mai fitowa a hoto, sannan a ɗauka. Wannan shi ne ERCP, wanda William McCune da abokan aikinsa suka fara bayar da rahotonsa a Amurka a 1968. Yana nuna hanyoyi tas, amma yana da haɗari: yakan tayar da kumburin fankiriyas, yakan kuma shigar da ƙwayoyin cuta cikin hanyoyin da dama ruwansu ba ya gudu sosai. Ba abin da za a riƙa yi wa mutum duk shekara don dubawa kawai ba ne.

A 1991 wasu likitoci a Jamus suka nuna wata dabara da na'urar MRI, wadda ke aiki da ƙarfin maganaɗisu. Ana iya saita na'urar ta yadda ruwan da ke tsaye ko mai tafiya a hankali zai fito fari fat, sauran nama kuma ya dushe. Tun da ruwan maɗaciya a hankali yake tafiya, sai ga hanyoyin sun zana kansu da kansu, ba a zura komai ba. Wannan shi ake kira MRCP, kuma yau shi ne matakin farko wajen duba mai PSC.

Gwanintar tana somawa ne tun daga ma'aikacin da ke sarrafa na'urar. Majinyaci zai yi awa huɗu ko fiye bai ci komai ba, don maɗaciya ta cika, ciki ya zama wayam. A wasu asibitoci akan ba shi ruwan abarba ya sha gab da shiga, domin sinadarin manganis da ke cikinsa yana kashe hasken ruwan da ke cikin ciki da hanji, kada ya rufe bututun da ake son gani. Hanta na motsi da kowane numfashi, don haka dole a lallaɓa mutum, wanda wataƙila a tsorace yake cikin ƙarar na'ura, ya riƙe numfashi na daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin, sau da dama. Motsi kaɗan ya isa ya shafe tsukewar da faɗinta bai kai milimita biyu ba.

Daga nan sai a yi allurar wani ruwa mai ɗauke da sinadarin gadoliniyom, a riƙa ɗaukar hoto a lokuta da aka ƙayyade: cikin rabin minti na farko, sannan bayan kamar minti guda, sannan bayan minti uku zuwa biyar ko fiye. Dalilin jiran nan shi ne, nama mai yawan zare a hankali yake shan ruwan, kuma idan ya sha ba ya saki da wuri. Sankarar da ta ɓuya a hoton farko takan fito da haske a na ƙarshe, bayan hantar da ke kewaye da ita ta fara dushewa. Ana kuma ɗaukar wani nau'in hoto da ke auna yadda ƙwayoyin ruwa ke kai-komo a cikin nama. Inda ƙwayoyin halitta suka cunkushe, kamar a sankara, ruwan ba ya samun sararin motsi, wurin sai ya bambanta.

Karatun gwani

Abu na farko da gwani ke yi idan sabon hoto ya iso shi ne ya buɗe na bara, da na bara waccan, ya jera su gefe da gefe. Hoton mai PSC guda ɗaya tak, ko na wane lokaci ne, ba zai rasa abin tsoro ba. Tambayar da ke da amfani ita ce: me ya canja? Tsukewar da ta yi shekara biyar a yadda take, mai yiwuwa tabo ce. Wadda bara ba ta nan, ko wadda ta ƙara tsawo cikin 'yan watanni, ita ce abar sa ido.

Sai ya bi kowane reshe daga tushe har ƙarshe, yana juya hoton ta gaba, ta gefe, ta sama. Yana duba tsawon tsukewar da bakinta. Tabo yakan sirance a hankali, sumul. Sankara takan yanke hanya farat ɗaya, da baki mai kaushi, ko ta fi kauri a ɓangare ɗaya na bangon. Yana auna kaurin bangon da yadda ya riƙe ruwan allura a hoton ƙarshe. Idan hanya ta rasa fiye da kashi 75 cikin ɗari na faɗinta a babban bututu ko a na dama ko na hagu, ana ɗaukarta tsukewa mai tsanani da ke bukatar ƙarin bincike.

Akwai wata alama da sai wanda ya san halin cutar zai fahimce ta. A ka'ida, idan aka toshe bututu, bayansa yakan kumbura. Amma hanyoyin mai PSC tabo ya ɗaure su, ba su cika buɗewa sosai ba ko da an toshe su. Saboda haka idan gwani ya ga rassan wani sashe sun buɗe fiye da yadda ya saba gani a wannan cuta, sai ya koma ya tsananta bincike a daidai inda buɗewar ta tsaya. Haka nan idan ɓangare guda na hanta ya fara motsewa, ko babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji ta matse a kusa da wurin, yakan zargi cewa wani abu ne ya naɗe ta.

Rabin gwanintar kuma shi ne sanin abubuwan da ke yaudara. Kaluluwar da ke kusa da ƙofar hanta takan kumbura a masu PSC da yawa ba tare da sankara ba, don haka girmanta kaɗai ba hujja ba ne. Jijiyar jinin da ke gittawa ta bayan babban bututu takan sa wurin ya yi kama da tsukewa, alhali bugunta ne ya ɓata hoton. Tsakuwa ko daskararren ruwan maɗaciya kan yi kama da tsiro a cikin hanya. Idan an riga an saka wa mutum ɗan bututun roba don buɗe hanya, bangon yakan kumbura ya yi kauri kamar sankara, shi ya sa masu karanta hoto ke roƙon a ɗauki MRI kafin a saka. Sannan ga wata cuta daban da ake dangantawa da sinadarin garkuwa IgG4, wadda ke kwaikwayon PSC da sankara duka biyu, amma tana jin maganin rage kumburi. An sha yanke wa mutane hanta bisa zaton sankara, daga baya a tarar wannan ce. Mai karatun da ya tuna da ita, ya nemi a duba fankiriyas da ƙoda a hoton, a kuma auna jini, zai iya hana a yi wa mutum babbar tiyata a banza.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Babu ɗaya daga cikin alamomin nan da ta isa hukunci ita kaɗai. Haɗa su, da ba kowace nauyinta, da sanin wadda za a yi wa uzuri da wadda ba za a kwana da ita ba, wannan ba ya samuwa sai bayan an karanta dubban hotuna, an kuma bi diddigin yadda masu su suka ƙare.

Bayan an yi zargi

Idan hoto ya nuna wuri, sai a koma ga ERCP, amma yanzu da manufa. Likita zai zura ɗan siririn buroshi ya goge bangon tsukewar, a kai abin da ya kankaro ɗakin gwaji. Idan aka ga ƙwayoyin sankara, kusan magana ta ƙare. Matsalar ita ce buroshin yakan kuskure fiye da rabin sankarar da ke nan, domin tana ƙarƙashin bango ne, ba a samansa ba. Don cike giɓin, akan yi wani gwaji mai suna FISH, wanda ke haska ƙwayoyin gado don a ga ko sun ninku fiye da ƙima. Akwai kuma 'yar ƙaramar kyamara irin SpyGlass ta kamfanin Boston Scientific, wadda ke shiga cikin bututun kansa, a ga bangon ido da ido, a tsinko nama daga inda ake so.

Gwajin jini na CA 19-9 yana taimakawa, amma shi ma sai da lura. Yakan hau idan hanya ta toshe ko ta kamu da ƙwayoyin cuta, ba tare da sankara ba. Wasu mutane kuma jikinsu ba ya iya haɗa sinadarin sam, saboda nau'in jininsu a tsarin da ake kira Lewis. A cikin Turawa su ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, a cikin baƙar fata kuwa sun kai kusan ɗaya cikin biyar. Irin wannan mutum zai iya ɗauke da sankara gwajinsa yana nuna lafiya lau.

Saboda haka a manyan cibiyoyi babu mai yanke hukunci shi kaɗai. Likitan hoto, da na hanta, da mai zura roba, da mai duba nama a madubin gwaji, da mai tiyata, sukan zauna a ɗaki ɗaya, hoton na kan allo, kowa ya kawo abin da ya gani.

Santimita uku

Me ya sa ake wannan wahala duka? A da, duk wanda aka samu da wannan sankara ba a yi masa dashen hanta, domin takan dawo cikin ɗan lokaci. A 1993 Asibitin Mayo da ke Rochester a jihar Minnesota ya fara wani tsari: a fara gasa wurin da haske tare da ba da magungunan sankara, a buɗe ciki a tabbatar ba ta yaɗu ba, sannan a yi dashen. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya haɗa cibiyoyi 12 na Amurka, ya nuna cewa kashi 65 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa dashe ta wannan hanya sun kai shekara biyar ba tare da ciwon ya dawo ba.

Amma sharuɗɗan shiga tsarin masu tsauri ne. Kada kaurin ƙullutun ya wuce santimita 3, kada kuma ya yaɗu. Haka nan wanda aka soka wa allura ta fatar ciki don ɗebo naman ƙullutun ya fita daga tsarin, domin allurar na iya shuka ƙwayoyin sankara a hanyar da ta bi. Tun da samun naman ke da wuya, tsarin ya yarda a tabbatar da ciwon ta hanyar hoton tsukewa mai siffar sankara haɗe da wata shaida, kamar CA 19-9 da ya haura 100 ko sakamakon FISH. Wato maganar mai karanta hoto na iya zama ginshiƙin da za a dogara da shi a cire wa mutum hanta. Idan ya makara, damar dashe ta wuce. Idan ya yi gaggawa, an jefa mutum cikin gashi da tiyatar da ba ya bukata, an kuma hana wani hantar da yake jira.

Iyakar abin da ido ke iyawa

Ƙungiyoyin likitocin hanta na Turai da na Amurka sun fitar da jagorori a 2022 da ke ba da shawarar a riƙa ɗaukar manya masu PSC hoto sau ɗaya a shekara. Sikanin ciki na yau da kullum yana da amfani wajen duba maɗaciya, inda tsiron da ya kai milimita 8 kan sa a cire ta, amma wajen tsinto sankarar bututu da wuri MRI ya fi shi nesa.

Ko duban shekara-shekara na ceton rai? A nan masana sun rabu. Wani bincike na Asibitin Mayo a 2018 ya waiwayi majinyatan da sankara ta kama, ya ga cewa kashi 68 cikin ɗari na waɗanda ake dubawa a kai a kai sun kai shekara biyar a raye, waɗanda ba a dubawa kuwa kashi 20 ne. Amma a Suwidin an bi mutum 512 na tsawon shekara biyar ana yi musu MRI duk shekara, sakamakon da aka wallafa a 2023 kuma ya sanyaya gwiwa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun nuna canji mai tayar da hankali a hoto, amma a cikinsu wajen ɗaya cikin goma ne kawai ke da sankara, kuma akasarin waɗanda aka samu da ita ba a gano su da wurin da zai ba su tsawon rai ba. Shekara guda na iya yi wa wannan ciwo yawa.

Gwanayen aikin su ne suka fi kowa sanin wannan iyaka, kuma ana ganin hakan a rahotonsu. Rahoton ƙwararre ba ya fakewa da kalmomi masu harshen damo. Yakan faɗi wane bututu ne, tsawon milimita nawa, me ya bambanta da hoton baya, yaya ƙarfin zarginsa yake, da abin da ya kamata a yi: a goge wurin a makon nan, ko a sake hoto bayan wata uku, ko a bar mutum ya tafi gida sai baɗi. Duk wannan kuwa ya rataya ne a kan samun abin kwatantawa. Shi ya sa mai ciwon hanta ko na maɗaciya mai daɗewa, a duk inda yake jinya, ya kamata ya adana faifan hotunansa na baya, ba takardar sakamako kaɗai ba, ya riƙa tafiya da su duk asibitin da ya koma. Wanda ya zo da hoton bara ya kawo wa likita rabin amsar.